Tumun Bamasare

Da kaka ne suka fara haɗuwa, a gonar Malam Sharu, Allah ya jiƙansa, can hanyar Mai'aduwa. Zakiyya 'yarsa ta taso daga makarantar da take koyarwa, ta kai wa masu girbi abinci. Ta hura wuta a gindin gawo tana gasa musu tumu, wato ɗanyen gero sabon kamawa, sai ga wani dogon Balarabe ya yi sallama yana neman ruwa. Nasrullahi ne, injiniyan da ya zo daga Masar haƙa rijiyoyin burtsatse.

"Wannan ƙamshin na mene ne?" ya tambaya da Hausarsa mai nauyi.

"Tumu ne, Malam. Bismillah."

Ta miƙa masa zangarniya guda. Bawan Allah bai tsaya tambaya ba, ya kama ta hannu biyu ya gatsa kamar masara. Nan take ƙaiƙayi ya cika masa baki, ya hau tari, idanu suka yi ja, yana sosa leɓe yana tsalle. Masu girbi suka zube da dariya. Zakiyya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Haba Malam, ai ba akuya ba ce kai! Duba nan."

Ta murza zangarniyar a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta zuba masa tsabar a hannunsa. Ya watsa a baki ya tauna, ya lumshe ido. Da ya buɗe su, a kanta suka sauka, ita kuwa ta sunkuyar da kai.

Daga ranar ta sa masa suna Mai Tumu. Ya nemi izini ya fara zuwa zance da la'asar, kuma duk abin da lokaci ya kawo sai ya ɗanɗana. Da sanyi ta ba shi soyayyar fara ta Kongolam, ya daɗe yana kallon ƙafafun farar kafin ya runtse ido ya jefa, sai ga shi ya cinye kwanon. Da bazara ya tsotsi aduwa ya yamutsa fuska, goriba kuwa ta kusa cire masa haƙori. Bayan kowace ɗanɗanawa sai saƙo ya shigo wayarta:

"Habibti, yau na ci ɗaci saboda ke, kuma gobe ma zan ci."

Ta mayar masa: "Sannu da jarumta, Mai Tumuna. Saura kwaɗon tafasa."

Da maganar aure ta taso, Malam Sharu ya ce sam.

"Ba ni da abin cewa a kan addininsa ko halinsa, Zakiyya. Amma baƙo ne. Aikinsa na ƙarewa zai ɗauke ki ya haye teku, in mutu ban ƙara ganinki ba. Ke kaɗai gare ni."

"Baba, ya ce zai zauna."

"Da baki ya ce. Ni ban ga abin da zai riƙe shi a Daura ba."

Ta faɗa wa Nasrullahi tana kuka. Ya tashi ya tafi. Ruwa na sauka sai ya ɗauke ƙafa, la'asar ta yi ta wuce babu shi. Sagir, wani dillalin babura da ya daɗe yana son ta, bai bar wannan dama ba.

"Ke dai zauna nan. Kullum yamma ina ganin motarsa a ƙofar gidan Dabo a hanyar Mashi, kuma kin san Dabo da 'yan mata."

Ranta ya ɓaci. Ta rubuta masa: "Allah ya ba ku zaman lafiya kai da 'yar gidan Dabo."

Amsa ta zo: "Ki yi mini haƙuri zuwa kaka, hasken idona. Ina jin tsoron in faɗa abin ya ƙi."

Ta kife wayar. Daminar nan ko tafasar da ta yi masa alkawari ba ta iya ci ba.

Ran nan da hantsi, gero ya fara nuna, Inna Lami mahaifiyarta ta shigo da sauri.

"Zakiyya, taso ki ga ikon Allah!"

Ta leƙa zaure. Nasrullahi ne durƙushe gaban mahaifinta, ya yi baƙi ya rame, ga damin ɗanyen gero a gefensa, ga tsoho Dabo yana ta zuba.

"Wallahi Malam, gonata ya saya. Na ce a sa masa 'yan ƙwadago, ya ƙi. Ranar farko rabin geron ya nome da sunan ciyawa! Shuka, noma, maimai, duk da hannunsa."

Nasrullahi ya roƙi garwashi, aka kawo. Ya gasa zangarniya, ya murza, ya hure, ya zuba a hannun tsohon. Malam Sharu bai kalli tsabar ba, tafin yaron ya kama, duk kanta da fashewa. Ya daɗe yana shafawa, sannan ya ci.

"Baɗi ma za ka shuka?"

"In Allah ya kai mu, Baba. Har taki na riga na tara."

Malam Sharu ya share ido da hannun riga.

"To, ka aika wa manyanka su zo."

Inna Lami ta rangaɗa guɗa, Zakiyya ta ruga ɗaki tana dariya tana hawaye, ta ɗauki waya ta rubuta masa: "Ka yafe mini, manomina."

"Na yafe, amma ina bin ki kwaɗon tafasa."

Bayan girbi kawunsa ya zo daga Alƙahira aka ɗaura aure, garin ya cika maƙil. A wajen walima aka ba kawun tumu, shi ma ya ɗaga zai gatsa, ango ya yi wuf ya riƙe masa hannu.

Malam Sharu ya ga jikansa na fari, kuma a kan cinyar Zakiyya ya cika, Nasrullahi na riƙe da hannunsa. Har yau in gero ya nuna, zangarniyar farko ta gonar nan gidan Inna Lami ake kai ta. Allah ya ƙara musu zaman lafiya, ya raya zuriyarsu, shi kuma Malam Allah ya kai haske kabarinsa.