Damisa Mai Ƙafar Hagu Kaɗai

Da hantsi aka kawo wa Insfekta Dhurve rahoto: bunsurun Iya Phulmat ya ɓace a ƙauyen bakin gandun daji, ga sawun damisa har turke. Jami'an gandu sun riga sun ɗauko keji. In ta tabbata damisar ta fara shiga gari, gidan ajiye namun daji za a kai ta, 'ya'yanta biyu kuwa ko oho.

Dhurve ba ya gaggawa sai a gaban abinci. Ya tsuguna kan sawun ya daɗe.

"Iya, kin ji kukan bunsurun?"

"Ko tari bai yi ba, ɗan nan. Har igiyar aka kwance."

"Lallai wannan damisa ta yi makaranta."

Ya bi sawun. Duk na ƙafar hagu ne, kuma cikin kowanne akwai ɗigon jan garin da ake shafa wa gumaka.

Mangru, direban da ke kai baƙi kallon namun daji, shi ne ya ce ya gan ta.

"Da idona, Yallaɓai. Ƙatuwa."

"Tana ɗingishi?"

"Lafiyarta ƙalau."

"Jiya ƙamshin miyar gidanka har caji ofis."

"Kaza ce."

Dhurve bai ja zancen ba. Ya sa shi gaba zuwa gindin bishiya, inda ƙauyen ke bauta wa gunkin damisa na dutse. A bayan dutsen, cikin furanni da kwakwa, ga ƙafar damisa ta icce, an shafe ta da ja.

Mangru ya zauna daɓas.

"Don baƙi na sassaƙa ta. Ranar da damisa ta ƙi fitowa, sai in buga musu sawu, su ɗauki hoto su koma da murna. Jiya surukaina suka sauka, babu nama a gidan."

"Me ya hana ka ƙone ta ka huta?"

Mangru ya dube shi kamar ya yi saɓo. "Ƙafar ubangidanmu fa, Yallaɓai? Tun da na sassaƙa ta na ba shi, aro nake yi in mayar."

Dhurve ma a wannan dajin aka haife shi, ya san da shi ne ba zai iya ƙonawa ba. Ya cire takalmi, ya nemi gafara a gindin dutsen, sannan ya ɗauki shaidar ya sa wa Mangru ankwa.

A hanyar caji ofis motar gandu ta wuce su, kejinta fayau. Ran Dhurve ya yi fari ƙal.