Fuskar Farko a Kan Allo

Ni na riƙe masa tsani ranar, don haka kada wani ya ce min ƙage ne.

Ƙanina sana'arsa kafa allon talabijin, irin wanda ake maƙalawa a bango yana nuna sanarwa. Abinci bai gagare shi ba, zuciyarsa ce ba ta ƙoshi. Da ya ji za a ba da kwangilar allo a zauren wani babban asibiti, sai ya nufi wurin boka. Daga baya ya faɗa min komai, yana kuka.

Ɗakin ba taga. Ƙahonni a rataye, ƙwarya da busasshen jini, ga tsagaggen madubi lulluɓe da jan ƙyalle.

"Kwangila za ta riƙa bin ka har gida," in ji boka. "Amma fuskar farko da allon ya nuna, tamu ce."

"Ba za ku karɓi rago ba?"

"Mun ƙoshi da rago."

"Fuskar kowa ta yi?"

"Ta kowa."

Ɗan banza, sai ya ajiye hoton wani abokin sana'arsa a waya, yana ganin ya yi wayo.

Aka ba shi kwangilar. Muka je asibitin, muka huda bango, muka ɗaure ƙarfe, muka ɗora allo, masu jinya na ta wucewa. Ya jona wayarsa don gwaji, kamar yadda ya saba. Kafin ya buɗe hoton mutumin, allon ya ɗauko hoton da ke gaban wayar: 'yarsa mai shekara shida, tana dariya da giɓinta.

"Tubarkalla, 'yar wa ce?" in ji wata mai shara.

Ya fizge wayar. "Yaya, ba ta fito sosai ba, ko?"

Ni da ban san komai ba na ce, "Tangaram!"

Kuɗi suka zo, har da mota da gidan bene. Bayan wata uku, yarinyar ta kwanta zazzaɓi, muka kai ta asibitin, muka fito da gawarta ta ƙarƙashin allon nan. Shagonsa ya ƙone, hannun damansa ya shanye, bai ƙara riƙe sukudireba ba.

Uwar yarinyar kuwa kullum tana zauren. Mutane na duba sanarwa, ita tana goge gilashin allon da mayafinta tana cewa, "Ku ƙara sauti, ba na jin me take faɗi."

Wallahi har yau ban yafe masa ba. Kai mai kwaɗayi, kafin ka haƙa wa wani rami, duba hoton wa ke gaban wayarka.