Giyabos ɗin Sa'adu

Ƙarar faɗuwar ƙarfe ce ta sa Adawiyya sakin ludayin kokon da take ba 'yarta Raihana. Kafin ta kai ƙofar zaure, tana riƙe da bakin mayafin takabarta, sai ta ji muryar Uwaisu ta cika unguwa.

"Hito ki ɗauki ruɓaɓɓen kayanki! Ki ba ni kuɗɗina, macuciya!"

Innalillahi... Kwana hamsin kenan da mijinta Sa'adu ya rasu a hatsarin mota kan hanyar Goronyo zuwa Wurno. Direban haya ne, mutum mai fara'a wanda bai iya riƙe fushi ba. Ranar da abin ya faru Raihana na cikin motar, zai kai ta wurin kakarta. Shi ya cika nan take, ita kuma yarinya 'yar shekara shida ƙafarta ta karye wuri biyu. Motar ta zama tarkace, sai giyabos ɗinta, wato akwatin giya, kaɗai ya tsira, abokan aikinsa na tasha suka kwance shi suka kawo mata gida Giyawa. Shi ta sayar wa Uwaisu, ɗan baffan Sa'adu, wanda shi ma direba ne, a kan naira dubu ɗari da hamsin. Ba ta yi ciniki ba, ba ta kira shaida ba, ba ta ma san masu sayar da kayan mota kan ɗiga wa kayansu fenti don gudun musanya ba. Ina za ta sani? Ɗan'uwa ne ya zo da hawaye a idonsa yana cewa taimaka mata zai yi. Kuɗin kuwa washegari ta miƙa su asibiti aka yi wa Raihana aiki.

"Uwaisu, mi nay yi maka?" ta faɗa daga bayan zana. "Sa'adu da bakinai yac ce min lahiyatai lau. Da shi yaka zuwa Sakkwato kullum."

"Sa'adu ya mutu, ba a tambaya tai! Haƙoran ciki duk sun cinye, makaniki ya buɗe ya gani. Kin san ya lalace kinka ɓoye min."

Mutane suka taru, abin ka da unguwa. Masu jin tausayi suka yi shiru, masu baki suka buɗe shi. Kafin la'asar labari ya kai bakin rijiya cewa matar Sa'adu, ƙasar kabarin mijinta ba ta bushe ba, ta damfari danginsa. Matan da ke shigo mata da tuwo suka ɗauke ƙafa. Har dangin mijin suka aiko cewa ta zubar musu da mutunci. Kai, duniya! Mace tana cikin takaba, ba ta da ikon taka ƙofar gida ta je ta wanke kanta, sai dai ta ji ana yanka namanta ta bayan katanga.

Aka kai magana gaban Maigari. Da yake ba ta fita, dattijon ya tako da kansa har zauren gidan, ita tana bayan labule. Uwaisu ya rantse, ya sake rantsewa, ya nuna baƙin ƙarfen da ke yashe yana zubar da mai kamar kwata.

"Ranka shi daɗe, ni ban son zalunci," in ji shi. "In ba ta da kuɗɗin, ta ba ni hwadamar albasar da mamaci yab bari, mu rabu lahiya."

Wannan 'yar fadamar ita ce duk abin da Raihana ta gada daga ubanta. Daga ita suke ci, daga ita za a sayi magani.

"Baba Maigari," Adawiyya ta ce cikin kuka, "wallahi ban san komi ba ga ƙarhe. Abin da anka kawo min shi nab bayas. Gonar marainiya ta, ku dubi Allah!"

Maigari ya daɗe yana jan tasbaha. Shaida babu, alama babu, kaya kuma ga shi a lalace. Ya ce ya ba ta kwana bakwai: ko kuɗi, ko gona.

Kwanakin nan Adawiyya ba ta san ɗanɗanon abinci ba. Ta sayar da akuyarta, ta sayar da kwanonin jerenta, duka ba su kai dubu arba'in ba. Ta aika wa yayanta a Rabah, aka ce mata shi ma gudun hijira yake yi daga ƙauyensu da iyalinsa. In ta idar da salla sai ta kifa goshi a tabarma ta yi ta kuka, "Ya Allah, Kai ka gani... Kai kaɗai ka gani." Abin da ya fi ci mata rai kuwa shi ne tuna faɗansu na ƙarshe da Sa'adu. Wata guda kafin rasuwarsa ya kwance wani abu daga injin ban-ruwansu ya ce mota ke buƙata, albasa ta kwana biyu ba ruwa. Ta yi masa faɗa sosai, har ta ce motar ta fi masa iyalinsa. Dariya kawai ya yi ya ce ta yi haƙuri. Ba ta taɓa ba shi haƙuri a kan maganar nan ba, ga shi har ya tafi.

"Inna, bari kuka," Raihana kan ce daga shimfiɗarta, "in na warke ni ka yi miki ban-ruwa."

Ranar kwana na shida da hantsi aka yi sallama. Baba Mode ne, tsohon makaniki mai gyaran motoci da injunan ban-ruwa a Goronyo, wanda ciwo ya kwantar tun kafin rasuwar, sai yau ya samu ƙarfin zuwa ta'aziyya. Ya yi addu'a, ya share hawaye, zai tashi kenan ƙafarsa ta bugi ƙarfen da ke zaure. Da ya ji labarin sai ya durƙusa, ya mirgina shi, ya shafa ƙasansa da yatsa.

"Ɗiyata, wa yac ce miki wanga na Sa'adu na?"

"Uwaisu yak kawo shi, Baba."

"Ƙarya yaka yi! Da hannuna nay yi aikin na Sa'adu. Notin da aka tsiyaye mai ya lalace, munka rasa irinai, shi yat tahi gida yak kwanto na injin ban-ruwanku, jan ƙarhe, ni kau nay yanka mai sabon zare. Duk ƙasag ga babu giyabos mai irin notin nan sai guda!"



Baba Mode bai tsaya shan ruwa ba. Ya ɗauko Maigari a bayan mashin suka nufi tasha, inda motar Uwaisu ke kan layi an kusa cika ta da fasinja. A gaban shugaban direbobi da jama'a tsohon ya kwanta ƙarƙashin motar da farar rigarsa ta ta'aziyya, ya goge mai da tsumma, ya ce kowa ya leƙa. Ga noti nan ja, yana ƙyalli. Ashe Uwaisu ya ɗaura na Sa'adu a motarsa yana ta lodi da shi, ya kwaso nasa mataccen ya jefar a ƙofar marainiya.

"Ranka shi daɗe... sharrin Shaiɗan na..." Uwaisu ya fara.

"Yi min shiru!" Maigari ya daka masa tsawa. "Gonar ɗiyar ɗan'uwanka kaka so, tana kwance da karaya?"

Nan take aka sauke fasinjojinsa, direbobi suka cire shi daga layi. Aka kira masu sanin kaya suka yi wa giyabos ɗin kuɗinsa na gaskiya, ya fi abin da ya biya nesa, aka tilasta masa cika ragowar. Sannan aka sa ya ɗauki mataccen ƙarfensa a ka daga zauren Adawiyya, ya ratsa unguwar da ya tara mata, ba wanda ya amsa masa sallama.

Da yamma matan da suka ɗauke ƙafa suka dawo da kwanonin tuwo suna sunkuyar da kai. Adawiyya ta karɓa, ta gode. Da suka watse ta shiga ɗakin ajiya, ta durƙusa gaban injin ban-ruwan, ta laluba har yatsanta ya taɓa sabon notin da Sa'adu ya maye gurbin wancan da shi. Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka shigo da gawarsa.

"Inna, an amshe gonar?" Raihana ta kira daga ɗaki.

"A'a, ɗiyata... babanki ya tsare miki ita." Ta kifa fuskarta a jikin injin. "Sa'adu, ka yahe min. Don Allah ka yahe min..."