Wa Zai Ɗaga Baba?

"Ka ce in bi ka, to Baba fa? In sa zani in goya shi?"

Mijinta ya ci gaba da cusa kaya a jaka.

Yaƙi ne ya koro shi daga ƙasarsu, ya kafa rumfar walda a bakin layinsu, har Allah ya haɗa su aure. Tun da ɓarin jikin Baba, mahaifinta, ya shanye, shi ke ɗaga shi, ya yi masa wanka, ya mayar da shi gado. Yanzu gwamnati ta shirya da masu mulkin can, ta ce kowane ɗan gudun hijira ya koma gida, wai yaƙi ya ƙare. Mace na iya bin mijinta. Tsohon suruki kuwa babu wanda ya tuna da shi.

"Wace irin ƙarewa? Jiya-jiya aka ƙone kasuwar garinku!"

"Manya sun gaisa, rabin raina. Mu ne gyaran cinikin."

Daga kan gado Baba ya ce da karkataccen bakinsa, "Ke, bi mijinki. Ni na ci zamanina."

"Baba, don Allah ka bari..."

Mijin ya ajiye jakar. "Zo in koya miki."

Ya kama hannuwanta ya zura ƙarƙashin hammatar tsohon. "Ba da baya ake ɗagawa ba, da gwiwa. Manna shi a ƙirjinki. Yauwa... tashi!"

Ta yunƙura, ita da Baba suka zube kan katifa.

"Kai mai walda," in ji Baba yana haki, "ka ɗan liƙe mata ƙugun nan kafin ka tafi mana!"

Suka yi dariya, tata ta ƙare da hawaye.

Ta sake, ta kasa. Ta cije ta sake, sai ga Baba a kan kujera.

"Kin iya," mijin ya ce a hankali, ya ɗauki jakarsa.

Ta dubi jakar. Ashe abin da yake jira ke nan.

"Ban iya ba! Wallahi sa'a ce, masoyi, tsaya in sake ka gani!"

Motar da aka turo kwasar 'yan gudun hijira ta danna ham a waje. Mijin ya durƙusa Baba ya dafa masa kai, sannan ya miƙe ya dube ta, ya nufi ƙofa.

Ta zabura za ta bi shi, sai Baba ya fara sulalewa gefe. Ta rungumo shi da sauri.

A haka ta ji an ja ƙofa. Ko rakiya ba ta yi masa ba.