Iskar da ke Hure Idon Safiyullahi

Ranar da Safiyullahi ya fara shiga shagon ɗinkin Mutmainna a unguwar Bukan Sidi, ba yadi ya kawo ba. Wata baƙar igiyar roba ya ciro daga aljihu, ya ajiye a kan keke yana kallon ƙasa.

"A rage min tsawonta."

Ta ɗago ta dube shi. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, idonsa ja wur, ga shatin igiya a kumatunsa.

"Malam, wannan ta akuya ce ko ta mutum?"

Ya ƙyalƙyale da dariya har benci na rawa. Dariyar nan ce ta kama ta, wallahi. Tun daga ranar, duk dawowarsa daga sayen riɗi a Doma sai ya biyo ta shagon. Yana ce mata Natsuwata, tana ce masa Giwana.

Sai da suka shaƙu ya faɗa mata sirrinsa. In ya yi barci numfashinsa ɗaukewa yake. Likita a Abuja ya rubuta masa inji mai hura iska ta tiyo zuwa wani marfin roba da ake ɗaurawa a hanci, ana ce masa mas. To mas ɗin ba ya zama daidai, iska na sulalewa ta gefe tana hure masa ido, shi kuma sai ya ƙara tamke igiya.

"Ki yi min alkawari ba mai ji, Natsuwata. Wa zai ba mai kwana da inji 'yarsa?"

Ta yi masa alkawari, ba ta san abin da zai jawo ba.

Da manya suka shiga maganar, mahaifinta Alhaji Kalilu ya tura babban ɗansa Abdulkahar bincike. Abdulkahar mahauci ne, hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ya ga Safiyullahi yana gyangyaɗi ana tsakiyar huɗubar Juma'a, ya ga jan ido. Abokinsa Ameer, wanda ya taɓa neman Mutmainna ta kore shi tuntuni, ya ƙarasa masa sauran.

"Baba, ɗan wiwi ne," in ji Abdulkahar. Alhaji ya ce an rufe magana.

Da labari ya kai wa Safiyullahi, bai haƙura ba. Ya zo shago bayan la'asar, ko zama bai yi ba sai ga babura biyu. Abdulkahar ya sauko da gora, ya sheme shi a gadon baya. Ameer ya zare bel. Suka kai shi ƙasa, suka hau shi da duka da shuri kamar sun kama ɓarawon kasuwa.

"Yaya, ka bari! Za ku kashe shi!"

Abdulkahar ya juyo ya wanke Mutmainna da mari har ɗankwalinta ya faɗi. Sannan ya ɗaga ƙafa ya taka fuskar Safiyullahi. Ta ji ƙarar karan hancin, ƙas! Jini ya ɓalle ya wanke farar shadda.

Nan idonta ya rufe. Ta rarumo dutsen guga da garwashinsa ta wurga, ya sami Ameer a kafaɗa, ya yi ihu ya zubar da bel. Ta ɗauki almakashi ta tsaya a kan Safiyullahi.

"Duk wanda ya matso, na rantse da Allah sai na farke cikinsa!"

Maƙwabta ne suka raba.

Bayan an sallamo shi daga asibiti saƙonsa ya shigo wayarta:

"Natsuwata, hancina ya karkace, mas ya ƙi zama sam. Na manta rabona da barci. Ki bi maganar Baba. Ina sonki, shi ya sa na haƙura."

Ta rubuta tana kuka:

"Giwana, ni ban haƙura ba. Ka sake ni daga alkawarin nan kawai, ka bar min sauran."

"Na sake ki."

Ta nufi gidan Sista Doose, wata nas da take wa ɗinki, ta zayyana mata komai. Doose ta riƙe baki.

"Abeg, don Allah, wa ya ce ya dinga ɗaure shi kamar buhu? In an matse da yawa, bakin roba ɗin yana lanƙwashe, iska ya gudu. A sassauta, a sa masa yana kwance. Ki ɗinka yadi mai laushi a sa tsakanin fata da roba."

Doose da kanta ta je ta saita injin yadda iska za ta fara a hankali, ta dinga ƙaruwa bayan barci ya ɗauke shi.

Mutmainna ta durƙusa gaban mahaifinta, ta faɗa masa ciwon Safiyullahi. "Baba, ka gani da idonka sau ɗaya. In ƙarya ne, na bar shi har abada."

Aka kawo Safiyullahi zauren Alhaji bayan azahar, ya kwanta a tabarma ba inji. Nan take minshari ya cika zaure. Can sai tsit. Ƙirji ya daina motsi, leɓe ya fara yin duhu. Alhaji ya miƙe zumbur yana salati.

"Ya mutu! Abdulkahar, ka kashe ɗan mutane!"

Sai Safiyullahi ya zabura, ya ja wani numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya.

Alhaji ya juya kan ɗansa. Ya cire takalminsa ya dinga zabga wa Abdulkahar a ka, a wuya, ko'ina ya samu, har sai da hannunsa ya gaji.

"Wannan ne wiwin? Mara lafiya ka fasa wa hanci, sakarai!"

Aka tayar da janareto, aka sa wa Safiyullahi mas, aka kunna inji. Iska ta fara huci ta gefen mas. Mutmainna ta matso da ɗan yadin da ta ɗinka, Alhaji ya ɗaga mata hannu.

"Ba ki zama matarsa ba tukuna. Kai, durƙusa. Kai ka ɓata, kai za ka gyara."

Abdulkahar ya durƙusa, kunnensa na jini. Ita ke faɗa, shi ke yi.

"Sa yadin a ƙasa. Sassauta ta hagu, Yaya. A'a, ba naman sa kake ɗaurewa ba! Ɗaga shi kaɗan ka mayar."

Hucin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Safiyullahi ya yi barci lakadan, ƙirjinsa na hawa da sauka. Abdulkahar ya daɗe yana kallon hancin nan, sannan ya kifa kai a gwiwa yana cewa a yafe masa.

Bayan babbar sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan. Da za a tafi da amarya, Alhaji ya damƙa hannunta a na ango.

"Mun zalunce ka, ka yi haƙuri da mu. Ga ta nan, ta tsaya maka ranar da mu muka kasa. Allah ya ba ku zaman lafiya da tsawon rai."

Mutmainna ta ce amin a cikin mayafi, ta ƙanƙame hannun mijinta.