Lomar da Kaka Kallamu Ya Haɗiye

"Tuf!"

Lomar ta faɗo dab da ƙafar Amsa, jiƙe da yawu, miyar kuɓewa na ja a bayanta. Ta janye ƙafa.

"Wa ya taɓa akushin nan?" in ji Kaka Kallamu, yana goge harshe da bakin riga.

"Inna ce ta miƙo min shi kawai, Kaka..."

"Shi ne! Ga warin hannunta nan a ciki."

Tun da tsohon nan ya daina kawo kanwa daga Barno ya zauna noma a ƙauyen nan na gefen Ɗambatta, bai bar mace ta yi girki cikin kwanciyar hankali ba. Ya tona tuwo da yatsa, ya shinshina, ya tauna, ya fito da shi tafin hannu ya duba. Kai, abin ƙyama ne! Girkin jikarsa Amsa kaɗai yake yarda ya haɗiye, shi ma sai ya ga dama.

Wannan ne ya tsayar da aurenta. Muntaka, saurayin da gonarsu ke jikin tasu, ya kawo gaisuwa, ya tara abokai sun yi wa mahaifinta noma. Amma duk lokacin da aka zo sa rana, amsar mahaifinta ɗaya ce.

"In ta tafi, wa zai ciyar da Baba?"

Da hantsi ta sami Muntaka a gindin ɗorawar da ke kan iyaka.

"Sanyin idona, kin rame," ya ce a hankali.

"Ta ina zan yi ƙiba? Kullum ina kallon abin da wani ya tauna!"

Muntaka ya sunkuyar da kai.

"Innata ta ce in aka ɗaure gero ba a sa rana ba, in nemi wata. Har... har ta ambaci Kulu."

Kulu! 'Yar baffanta, wadda suke gida ɗaya.

Washegari aka sake ba Kulu girkin tsoho, ko zai saba da hannunta. Amsa ta leƙa madafa, ta gan ta tana tuttula ruwan kanwa a miya, ta bi da ɗan toka, tana murmushi. Tuwon kuwa duk gudaji, ƙasansa ya ƙone.

"Ashe da gangan kike yi?"

"Ke ce gwana ai," in ji Kulu. "Ki zauna ki yi ta dafa masa har ki yi furfura."

Amsa ba ta kai ƙara ba. Ta fito tsakar gida, gaban kowa, ta kife ƙwaryarta.

"Ni ma na zama mai tsirfa. Daga yau ba abin da zan ci sai tuwon gidan Muntaka!"

Aka yi dariya. Da aka wayi gari, aka sake wayewa, dariya ta ƙare. Tana tuƙa wa Kaka tuwonsa, ta ajiye masa, ta koma gefe leɓɓanta a bushe. Inna ta yi kuka, mahaifinta ya yi faɗa, ba ta ko kalli fura ba.

Rannan tana ɗauke da akushin jiri ya kwashe ta. Tuwo ya kife a ƙasa, kaji suka rufe shi.

Tsohon ya rarrafo, ya ɗebo fura a ludayi.

"Amaryata, kurɓa ɗaya... don Allah."

Ta kau da kai, ta yamutsa fuska.

"Warin hannunka na ciki, Kaka."

Ya sauke ludayin. Bai taɓa sanin akwai zafi a miƙa wa mutum abinci ya ƙi ba, sai yau da ya ji shi har cikin ransa.

"Kulu!" ya ɗaga murya. "Kawo naki."

Jikin Kulu ya yi sanyi, don yau ma an sa ta girki, ta kuma ɓata shi da gangan. Ta ajiye akushin: miya baƙa ƙirin, tana warin ƙauri, har da ƙuda kwance a gefe. Kaka ya tsame ƙudan ya yar. Bai shinshina ba. Ya yanko loma, ya kai baki, maƙogwaronsa ya dawo da ita, ya danne da tafin hannu. Hawaye na zuba, ya haɗiye.

Ya ƙara wata.

"Ku aika gidan su Muntaka," ya ce wa ɗansa, mahaifin Amsa, da ƙyar. "A sa rana. Na samu mai yi min girki."

Kulu ta zube zaune, ta ɗora hannu a ka.

Amsa ta fashe da kuka, ta riƙe hannun tsohon da ke shirin yanko ta uku.

"Ya isa, Kaka, za ta kashe ka!"

"To karɓi ludayin nan," ya ce. "Muddin ba ki sha ba, wallahi sai na cinye shi tas."

Ta karɓa da hannu biyu, ta sha.