Lallen Daren Sallah

A wani zamani an yi wata yarinya mai son kwalliya. Daren Sallah gwaggonta ta ƙunsa mata lalle hannu da ƙafa, ta ce kada ruwa ya taɓa shi sai asuba.

Sai da gwaggo ta tafi yarinya ta tuna ba ta yi Isha'i ba, ga shi ba alwala. Ta dubi lalle, ta dubi buta. Ta sake duban lalle, ta sake duban buta.

Ta ce, "Inna, ai azumi ya wuce."

Mahaifiyarta ta ce, "Ya wuce, 'yar nan. Da Isha'i ya tafi?"

Yarinya ta kwance ƙunshi tana hawaye, ta yi alwala, ta bi sahun Inna.

Da safe lalle bai kama ba. Haka ta ɗaga hannayen nan a filin Idi, ba ta ɓoye su cikin mayafi ba.